Na Gyara Rufin Gidan Haya da Kuɗina, Mai Gida Ya Ƙi Cirewa a Kuɗin Haya

"Assalamu alaikum, Barista. Ina haya a wani gida a Kano, ciki biyu da falo, mu huɗu ne 'yan haya a gidan, kowa da sashensa. Ina biyan naira 400,000 a shekara. A watan Agustan da ya wuce rufin ɗakin yara ya kama yoyo har silin ya rufto. Na yi ta kiran mai gidan a waya, daga ƙarshe ya ce min, 'Ka gyara kawai, ma yi magana.' Na kawo kafinta ya canza kwano da katakon da ya ruɓe a kan 90,000, aka sa sabon silin a kan 35,000, na yi fenti na 15,000, tunda an tashi aiki kuma na sa tayil a ɗakin na 50,000. Jimla 190,000. Yanzu lokacin sabunta haya ya gabato, na ce a cire min kuɗina, ya ce shi bai ce in kashe haka ba, in ba zan biya cif ba in tashi. Ga kuma masai ya cika, ya ce mu 'yan haya mu haɗa kuɗi a kwashe. Babu takardar yarjejeniya tsakaninmu sai rasit. Shin in cire kuɗina in ba shi sauran? Wai wa ke da alhakin gyara a gidan haya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kiyaye gaba, muna fata silin bai faɗo wa kowa ba.

In na fahimce ka, abu uku ne suka haɗe maka. Na farko, wane ne ya kamata ya ɗauki nauyin rufin da ya yi yoyo da masan da ya cika. Na biyu, ko maganar da mai gida ya yi maka a waya ta isa ta zama izini. Na uku, ko kana da ikon cire kuɗinka da hannunka. Amsata a taƙaice ita ce rufi na mai gida ne, kuma kana da haƙƙi a kan mafi yawan abin da ka kashe, amma ba dukansa ba. Sannan ba na ba ka shawarar ka cire ko kwabo kafin a zauna a rubuta. Ga dalilaina.

A irin rigingimun da suke zuwa gabana, da wuya a sami mai gidan da zai ce rufin gidansa ba nasa ba ne, da wuya kuma a sami ɗan hayar da zai ce mai gida ne zai saya masa ƙwan lantarki. Kowa ya san wannan. Inda ake ɓatawa shi ne an riga an kashe kuɗi kafin a tsayar da magana a kan nawa za a kashe, me za a gyara, kuma ta yaya kuɗin zai dawo. Naka ma a nan ya tsaya.

Me ya lalace, me kuma ya lalata shi

Kafin a tambayi wa zai biya, ana fara tambayar me ya jawo ɓarnar. Abin da tsufa ya ci, ko ruwan sama da iska, ko gara, ko rashin ingancin gini tun farko, wannan na mai gida ne, domin kuɗin hayar da yake karɓa ya ƙunshi tsufan da gidansa zai yi a hannun mai zama. Abin da ɗan haya ya ɓata da hannunsa, ko iyalinsa, ko baƙinsa, ko ma'aikacin da ya kawo, wannan nasa ne.

Rufi ba ya ɓoye abin da ya same shi ga wanda ya hau ya duba. Kwanon da ya tsufa za ka ga tsatsa ta bi gaɓar da aka haɗa shi da ɗan'uwansa, ramukan ƙusa sun buɗe, wasu ƙusoshin ma da yatsa za ka zare su. Katakon da ruwa ya shekara yana jiƙawa ya yi baƙi, in ka danna masa ƙusa sai ta nutse ba tare da guduma ba. Wanda aka taka aka karya kwanan nan kuwa cikinsa fari tas. Na taɓa zama a kan wani sulhu da ɗan haya yake ta rantsuwa cewa tsufa ne ya kawo yoyon falonsa. Da aka sa kafintan da duka ɓangarorin suka yarda da shi ya hau, sai ya tarar da ramuka sababbi a jere daidai inda mai haɗa sola ya ɗaure ƙarafan faifansa, babu ko ɗigon kwalta a kansu. Maganar ta mutu a nan, ɗan hayar ya biya. Na ga akasin haka ma, inda mai gida ya ɗora wa yaran ɗan haya laifin jifa, aka hau aka tarar gara ta gama da katakon tun kafin mutumin ya tare.

Akwai kashi na uku da mutane ba sa lura da shi, wato ɓarnar da ta girma saboda an yi shiru. Ɗigo ya fara a Yuni, ɗan haya ya tara bokiti bai faɗa wa kowa ba, markar Agusta ta zo silin ya jiƙe ya rufto. A nan kwanon na mai gida ne, amma silin ana iya raba shi, don da an sanar da wuri da bai kai ga haka ba. Kai ka ce ka yi ta kira, to wannan ya tsaya maka, in dai ka fara kiran tun yoyon yana ƙarami.

Abin da doka ta ce, da abin da fiƙihu ya ce

Najeriya ba ta da dokar haya guda ɗaya, kowace jiha da tata. Yawancinsu kuma sun fi mayar da hankali ga yadda ake tashin ɗan haya, ba ga gyara ba. Wadda ta fi fayyace maganar gyara ita ce dokar haya ta Jihar Legas ta 2011. Ta ce in babu wata yarjejeniya da ta saɓa, mai gida ne zai gyara wajen gini da wuraren da kowa ke amfani da su, ɗan haya kuma ya riƙe inda yake zaune cikin kyakkyawan hali, ban da lalacewar da amfani na yau da kullum ke kawowa. Ta hana ɗan haya canza fasalin gida sai da izini a rubuce, ta kuma ba shi damar neman diyyar abin da ya ƙara wa gida in an tashe shi, amma da sharaɗin ya sami izinin mai gida a rubuce tun kafin ya yi aikin. Wannan doka ba ta aiki a Kano. Na kawo ta ne don rabon da ta yi shi ne rabon da za ka tarar a yawancin takardun haya da lauyoyi ke rubutawa a ko'ina cikin ƙasar nan.

Inda babu takarda kuma dokar jiha ta yi shiru, kotunan majistare da na gunduma suna komawa ga ƙa'idojin da muka gada daga Ingila. Alƙali Lord Denning, a shari'ar Warren da Keen, ya bayyana aikin ɗan haya da cewa shi ne ƙananan ayyukan da mai hankali zai yi a gidan da yake zaune, kamar buɗe wurin wanke-wanken da ya toshe da dattinsa, ko gyara fiyus ɗin wuta in ya ƙone. A wurinmu sai ka ƙara da kan famfo, makullin ƙofa, ragar sauro, soket da ya ƙone. Amma ga abin da zai ba ka mamaki: waɗannan ƙa'idoji ba su ɗora wa mai gida wajibcin gyara kai tsaye a gidan da aka ba da shi babu kaya a ciki, in ba an yi sharaɗi ba, sai a wurare kaɗan kamar sassan da suka rage a hannunsa kowa na amfani da su.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Kano ke hukunci da shi, ya yi magana a kan matsalarka kai tsaye. A Muhtasar na Shehu Halil, a faslin hayar gida, an kawo misalin rufin da ke zubar ruwa ba ƙaƙƙautawa. Hukuncin shi ne ɗan haya yana da zaɓi: ya warware hayar ya tashi, ko ya zauna ya biya cikakken kuɗi. Ba a tilasta wa mai gida ya gyara, ko da yake wasu malaman mazhabar sun tafi a kan a tilasta shi. In ɗaki guda ya rushe a cikin gida, ana rage kuɗin haya gwargwadon rabonsa. Masu sharhi sun ƙara da cewa ɗan hayar da ya yi gyara ba da izini ba ana ɗaukarsa mai yin sa-kai, abin da zai samu in wa'adi ya cika shi ne ƙimar kayan a matsayin cirarru, ko ya cire abinsa. Wanda ya yi da izini kuwa yana da haƙƙin a biya shi. An kuma halatta a yi sharaɗin gyara daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya wajaba, an hana a ɗora wa ɗan haya gyaran da ba a san iyakarsa ba daga aljihunsa a kan kuɗin haya, domin hakan ya mayar da kuɗin hayar abin da ba a san adadinsa ba.

Ni lauya ne, fatawa ta malamai ce, kuma zai yi kyau ka kai wa malamin unguwarku wannan fasli ya karanta maka. Abin da nake so ka lura da shi shi ne hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya. Kasancewar rufi na mai gida ne bai isa ya dawo maka da kuɗinka ba. Izini ne yake dawo da shi.

"Ka gyara kawai, ma yi magana"

Wannan magana izini ce. Mutumin da aka gaya wa rufin gidansa na yoyo ya ce a gyara, ya san ba kyauta kafinta ke aiki ba, kuma "ma yi magana" ba ta da wata ma'ana a wannan gaɓa in ba maganar kuɗi ba. Matsalarta biyu ce: ba ta da iyaka, kuma ba ta da shaida.

Ta fuskar shaida, tarihin kira a wayarka zai nuna ka kira shi ranar kaza, amma ba zai nuna abin da ya ce ba. Ƙa'ida kuma sananniya ce cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Sai dai ka duba amsar da ya ba ka yanzu. Bai ce bai sa ka gyara ba, cewa ya yi bai ce ka kashe haka ba. Wannan amsa da kanta iƙirari ce cewa ya ba da izini, jayayyarsa a kan adadi take. Ka yi ƙoƙari ya maimaita ta a gaban shaidu ko a rubuce. Ka tura masa saƙo cikin ladabi ta WhatsApp ko tes, ka ce, "Alhaji, barka da war haka. Game da gyaran rufin ɗakin yara da ka ce in yi a watan Agusta, ga hoton rasit ɗin kayan da na aikin kafinta. Ina roƙon ka sa mana lokaci mu zauna kafin ranar sabunta haya." Duk amsar da ya bayar ka adana ta, kada ka goge, kada ka canza waya ba ka kwafe ba. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda da irin waɗannan saƙonni in an cika sharuɗɗan gabatar da su.

Ta fuskar iyaka kuwa, izinin da aka bayar a kan yoyo yana tsayawa a kan yoyo da abin da yoyon ya ɓata. Mu bi lissafinka. Kwano da katako da aikin kafinta, 90,000, wannan shi ne ainihin abin da aka ce ka gyara, kuma in kana da rasit ko kafintan zai zo ya faɗi da bakinsa, ban ga ta inda mai gida zai kauce masa ba. Silin na 35,000 ma yana bin rufi, tunda ruwan ne ya rufto da shi, da sharaɗin irin wanda ya faɗo ka mayar. In na katako ne ko na kwali ka mayar da na roba ko na filasta mai ado, to ratar da ke tsakanin kuɗin biyun taka ce. Fenti na 15,000 abin tattaunawa ne: bangon da ruwa ya ɓata yana cikin gyara, sauran ɗakin kuwa kai ka so. Tayil na 50,000 babu shi a cikin izinin ko kaɗan. Wanda ya ce wa tela ya ɗinke masa yagar riga bai ce a yi wa wuyanta aiki ba. Na san za ka ce gidansa ne ya ƙara daraja, kuma gaskiya ne, amma ba a ɗora wa mutum bashin abin da bai nema ba. In ya ga dama ya rage maka wani abu don kyautatawa, madalla. In ya ƙi, bai ci haƙƙinka ba.

To ka ga abin da za ka tsaya a kai da ƙarfi shi ne 125,000. Ina ganin da wannan adadin ka fara kai masa, da wataƙila ba a kai ga maganar tashi ba. Da yawan masu gida 190,000 ɗin ne yake tayar musu da hankali, kusan rabin kuɗin shekara, sai su ƙi duka saboda kashin da suke ganin an cusa musu.

Dalilin da ya sa ba na son ka cire da kanka

Akwai hukuncin wata kotun Ingila na 1971, a shari'ar Lee-Parker da Izzet, da ya yarda ɗan haya ya yi gyara ya cire a kuɗin haya, kuma lauyoyi sukan kafa hujja da shi. Amma ƙofar ƙunci gare ta. Sai an tabbatar gyaran wajibin mai gida ne, an sanar da shi, kuma kuɗin da aka kashe bai wuce kima ba. Kai ba ka da takardar da ta ɗora masa gyara, adadin kuma ana jayayya a kansa. Ranar da ka tura masa 210,000 ka ce kun rabu, ka tashi daga mai bin bashi ka koma wanda ake bi, a idonsa da kuma a takardar da lauyansa zai rubuta. Zai shigar da ƙarar bashin haya da neman gidansa, kai kuma ka koma kana kare kanka.

Abin da ya fi shi ne a zauna kafin ranar biya ta zo. A irin wannan zama abin da na ga yana warware magana shi ne rarraba kuɗin. Mai gidan da ba zai iya haƙura da 125,000 a lokaci ɗaya ba, sau da yawa zai yarda a cire rabi bana rabi baɗi, ko ya yarda ba zai ƙara maka haya ba na tsawon wani lokaci a madadin kuɗin. In zaman bai yiwu ba kuma kana son ci gaba da zama a gidan, ka biya cikakken kuɗin ta banki, ka bi shi da takarda ko saƙo cewa biyan da ka yi bai shafe bashin gyaran da kake bi ba, sannan ka nemi kuɗinka daban. In kuwa ka yanke shawarar tashi, kuɗin ya zama bashi kamar kowane bashi.

Ka kuma dubi halin da shi mai gidan yake ciki, domin zai taimake ka wajen zaɓen kalma. Masu ƙananan gidajen haya a garuruwanmu akasari ba attajirai ba ne. Ɗan fansho ne, ko gwauruwar da ke riƙe da marayu, ko ɗan kasuwar da jarinsa ya karye. Ana karɓar kuɗin shekara a dunƙule, kafin damina ta zo ya tafi a kuɗin makaranta da abinci. Kayan gini kuma sun yi tsada sosai, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Mafi wuya shi ne gidan gado. Wanda kake kira mai gida yana iya zama wakilin magada ne kawai, ya karɓi kuɗi ya raba wa 'yan'uwa tun ranar, kuma babu mai dawo da rabonsa don an canza kwano. In gidanku irin wannan ne, ka nemi a yi zaman da babban cikin magada, don yardar wakili shi kaɗai takan rushe ranar da aka zo rabo.

Wannan uzuri ne da ke sa a sassauta wajen yadda za a biya, ba ya sauke nauyin. Shawarar da nake ba masu gida kullum ita ce su ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin haya ranar da ya shigo, su kuma sa kafinta ya hau rufi a watan Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka. Ƙusa da kwalta na 'yan dubbai a bazara su ne suke hana canza silin a Agusta.

Maganar masai

Nan ma a raba cika da lalacewa. Masan da ya cika saboda amfani, al'adar da ta fi yawa a gidajen haya ita ce masu amfani su haɗa kuɗin motar kwasa, kuma malaman Malikiyya sun halatta a sharɗanta kwasar a kan ɗan haya. Saboda haka mai gidanku bai faɗi abin da ya saɓa ba. Adalci dai a raba bisa yawan mutanen kowane sashe, don ba daidai ba ne mai zama shi kaɗai ya biya daidai da mai mutum tara.

Amma ku duba abu biyu. In kun tare kun tarar da shi ya kusa cika, wannan kwasar ta farko ba taku ba ce. In kuma ana kwashewa yana sake cika cikin 'yan watanni, to matsalar gini ce: ko ramin ya yi wa yawan mutanen gidan ƙanƙanta, ko ramin da ke tsotse ruwa ya toshe, ko ruwan indararo na gangarawa ciki. Wannan na mai gida ne, haka ma murfin da ya tsage ko bangon rami da ya zube. Murfin da ya tsage kada a jira shi ko kwana ɗaya a gidan da yara ke wasa, kuma in mai gida ya yi biris, duba-gari na ƙaramar hukuma suna da hurumin shiga maganar. Injin jan ruwan burtsatse ma haka ake auna shi: in tsufa ya kashe shi na mai gida ne, in an bar shi yana aiki babu ruwa har ya ƙone na masu kunnawa ne.

Barazanar tashi, da inda za a kai ƙara

"In ba za ka biya ba ka tashi" magana ce, ba notis ba ce. A dokar Legas da ta Abuja, in ba a yi wata yarjejeniya daban ba, ɗan hayar wata-wata ana ba shi notis na wata guda, na shekara-shekara kuma wata shida, bayan ya ƙare a ba shi wani na kwana bakwai cewa za a je kotu, sannan alƙali ne kaɗai zai ba da umarnin fitarwa. Hayar da aka yanka mata wa'adi ta kuma cika wa'adinta ba ta buƙatar dogon notis, na kwana bakwai ya wadatar. Don haka abin da aka rubuta a rasit ɗinka yana da muhimmanci, kuma tsawon notis a Kano dokar Kano ce za ta faɗe shi. Ka kai rasit ɗin ga lauya ya duba. Ni ban ga gidan ba, ban kuma ji daga bakin mai gidan ba, amsata a kan abin da ka rubuto take.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne mai gida ba shi da ikon kware rufi, cire ƙofa, yanke wuta ko ruwa, ko watso kaya waje don ya kore ka. Kotunan ƙasar nan sun sha cin masu yin haka diyya, dokar Legas ma ta mai da shi laifi mai tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Ofishin 'yan sanda kuma ba wurin wannan magana ba ne, ko daga gare shi ko daga gare ka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin da bai wuce na yarjejeniya ba.

Ka fara da dillalin da ya haɗa ku in akwai, domin ya ci la'ada kuma yana son ci gaba da hulɗa da ku duka. In bai iya ba, sai mai unguwa ko liman. A Kano Hukumar Hisbah tana sulhu a kan irin wannan, akwai kuma sashen sasanci na babbar kotun jiha, da kotunan ƙananan basussuka da aka kafa don a gama shari'a da wuri ba sai da lauya ba. Kotu ita ce ta ƙarshe. A kan 125,000, kuɗin zirga-zirga da ranakun aikin da za ka rasa suna iya cinye kaso mai yawa, kuma da wuya a fito daga kotu a ci gaba da zaman haya lafiya.

Abin da za ka tafi da shi wurin zama

Ka tafi da rasit ɗin kaya, da hotunan silin da ya rufto in ka ɗauka, da kafintan da ya yi aikin. In tsohon kwanon da ruɓaɓɓen katakon suna nan, kada ka sayar wa 'yan gwangwan, kayan mai gida ne kuma su ne babbar shaidarka. Ka fara da faɗin cewa tayil kai ka sa don kanka ba ka neman kuɗinsa. Wannan kaɗai yakan sauke rabin fushin da ke cikin ɗakin.

In an daidaita, kada a tashi sai an rubuta, ko da a fallen takarda ɗaya ne da Hausa, da sa hannun shaidu biyu. Tunda sabuwar shekarar haya za ku shiga, tun ran gini tun ran zane. A rubuta cewa rufi, bango, wayarin ɗin cikin bango, bututun ƙarƙashin ƙasa da ginin masai na mai gida ne, ƙananan gyare-gyare da kwasa na 'yan haya ne. A rubuta cewa in abu ya lalace ɗan haya zai sanar a rubuce da hoto, mai gida yana da kwana kaza ya zo ko ya turo, in bai zo ba ɗan haya zai kawo kiyasin ma'aikata biyu a ɗauki mai sauƙi a cire a haya. A sa adadin da ɗan haya zai iya kashewa a kan larurar gaggawa, kamar fashewar bututu cikin dare, ba tare da jiran amsa ba. A ɗauki hoton kowane ɗaki a ranar, kowa ya riƙe nasa.

Sai rasit ɗin bana. In an yarda a cire 125,000, kada a rubuta maka rasit na 275,000 kawai. A rubuta cewa an biya hayar shekara naira 400,000 cif, 275,000 kuɗi a hannu, 125,000 kuma gyaran rufi da silin da aka yi a watan Agusta da yardar mai gida. In ba haka ba, ranar da gidan ya koma hannun magada ko aka sayar da shi, sabon mai shi zai buɗe littafi ya ga giɓi, ya ce ana bin ka cikon haya.